Ramin da Ya Tsaya a Bakin Rumfata

Matata kurma ce, tun tana ƙarama zazzaɓi ya tafi da jinta. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka gidanmu gidan shiru ne, domin duk layinmu babu mai surutunta. Da hannu take magana, kuma idan ta fara sai ta ga ƙarshen zance. Ni kafinta ne, zarto ya taɓa cinye mini kan yatsan manuniya, saboda haka a maganar hannu ni mai in'ina ne. Tun muna da ƙuruciya take yi mini dariya a kan wannan, ta kama yatsun nawa ta gyara musu zama, ta ce shekara nawa ana koya wa mutum abu amma kansa kamar katakon da yake yankawa.

Yaranmu maza biyu sun koyi maganar hannu daidai ta neman abinci da neman izinin fita. Auta kuwa da hannu ta fara magana kafin bakinta ya buɗe. Ita da Innarta sukan zauna a gabana su yi gulmata, hannuwa na gudu ƙasa-ƙasa, in na ɗago kai su daina, su ƙunshe dariya. Ina jin haushi a lokacin. Ban san zan yi kewar wannan gulmar ba sai da Auta ta yi aure, aikin mijinta ya kai su gari mai nisa, irin nisan da ba a zuwa don gaisuwa kawai.

Daga nan na zama tafinta. Inna, wato matata, ba ta yi makaranta ba, saƙon rubutu bai amfane ta da komai ba. Duk ƙarshen mako da la'asar sai in ajiye waya a kan teburin falo in buɗe murya, Auta ta faɗa, ni in juya da hannu. Inna ta amsa da hannu, ni in juya da baki. Ina alfahari da cewa ban taɓa ƙara ko rage kalma ba, ko da zancen a kaina ne. Har na taɓa faɗa wa 'yata da bakina cewa uwarta ta ce na yi tumbi kuma na fara mantuwa.

Kiran bidiyo kuwa mun gwada har mun gaji. Sabis ɗin unguwarmu yana ɗaukar murya, amma hoto ya fi ƙarfinsa. Fuskar Auta ta fito, ta ɗaga hannu za ta yi magana, sai hoton ya daskare, hannun ya tsaya a sama. In ya dawo ta riga ta kai ƙarshen jimla. Mai ji, in murya ta yanke, yana iya cike gurbin da tunaninsa. Hannu kuwa in ya tsaya a tsakiyar kalma, babu abin da ya rage da za a tsinta. Inna takan buga tebur har wayar ta faɗi. Auta ta taɓa ɗaukar bidiyo ta turo, ya kwana yana juyawa, ya wuni yana juyawa bai buɗe ba, ƙarshe na goge shi.

Sau ɗaya na ɗauki Inna muka shiga tsakiyar gari inda sabis ya fi ƙarfi. Muka tsaya a gefen titi, na riƙe mata wayar a gaban ƙirjina tunda ita hannu biyu take buƙata. Kafin su gama gaisawa mutane sun taru suna kallo, har da mai ɗaukar mu hoto. Maganar hannu ba ta da raɗa, mai ido daga tsallaken titi ma yana cikin hirar. Inna ta sauke hannuwanta ta cusa su cikin mayafi, kuma ba ta sake yarda mun koma ba.

Haka muke tafiya har muryar Auta ta canza. Gaisuwar dai tana nan, tambayar yayyenta tana nan, amma duk abin da na tambaya amsar ɗaya ce, lafiya lau Baba, babu komai Baba. Ina juyawa da hannu yadda ta faɗa. Wata rana bayan mun kashe waya Inna ta tsare ni da ido, ta tambaye ni yaya muryar take. Na tsaya ina kallon yatsuna. A maganar hannu ina da alamar gajiya, ina da ta ciwo, ina da ta fushi, amma ba ni da alamar muryar da aka wanke aka goge kafin a miƙo ta. Na ce lafiya lau ta ce. Inna ta ce ba abin da ta ce take tambaya ba, fuskata ta riga ta ba ta amsa.

"Akwai abin da ke damunta," hannuwanta suka ce, a hankali, ba irin gudun da ta saba ba. "Ba za ta faɗa maka ba. Kai ubanta ne, kuma namiji."

Maganar ta yi mini zafi, domin na ɗauka ni kamar taga nake a tsakaninsu, ashe bango ne. Mako na gaba na tambayi Auta da kaina, na lallaɓa, na yi wasa, na ɗaure murya. Ta yi 'yar dariya ta ce Baba kenan, babu komai. Inna na zaune tana kallon wayar da ba ta nuna komai sai sunan 'yarta.

Ana cikin haka aka wayi gari da jan fenti a bakin shagunanmu. Dama mun ji a rediyo cewa gwamnatin jiha za ta binne bututu a gefen tituna, kamfanonin waya su zo su zura wayar intanet a ciki, wadda suke kira faiba. Mun ga ramin yana tahowa ta babban titi, ya karyo kwana ya shigo layinmu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne rumfunanmu. Kowane shago a layin ya ɗan ci gaba, wani da dakali, wani da kwano a sama. Tawa ce ta farko kuma ita ce babba. Shagona ƙunci gare shi, dogon katako ba ya juyuwa a ciki, saboda haka a rumfar nake yanka, a nan nake goga, a nan abokai suke zama. Da hannuna na kafa ta tun Auta tana rarrafe. Jan fentin ya bi ta tsakiyarta.

Muka ja daga, kuma muna da hujja. An taɓa haƙa mana rami a layin nan da sunan aikin ruwa, aka tafi aka bar shi baki buɗe har damina ta shiga ta fita. Masu sayayya suka ƙaurace mana, mahaifiyar maƙwabcina Tela ta faɗa ciki ta karye. Da yake ni ne babba a layin, kuma bakina ba ya gajiya, ni aka sa gaba. Ramin ya zo daidai ginshiƙin rumfata ya tsaya, leburori suka jingine diga suka koma inuwa.

Sai ga Injiniya mai kula da aikin ta zo, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Auta ba, da hular kwano da takalmin aiki duk laka. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi kujerar da na ba ta, ta zauna a kan benci tare da kowa. Mai Walda, wanda ba ya iya magana a hankali ko a wurin ta'aziyya, ya zaro waya ya kira ƙaninsa a gabanta, suka gaisa, ya kashe, ya ce ga sabis nan tangaran, me kuma ake nema? Ta yi murmushi ta nuna mana ƙarfen sabis da ke bayan makarantar firamare. Ta ce ƙarfen yana nan, amma kamar tanki ne da aka haɗa wa siririyar tiyo, unguwa guda tana jira a bakin famfo. Kamfanoni sun daɗe suna ƙin jawo babbar waya zuwa nan saboda wahalar haƙa da yawan izinin da ake nema, shi ya sa jiha ta ce ita za ta haƙa sau ɗaya, ta sa bututu, kowane kamfani ya bi ta ciki ba tare da an sake fasa titi ba.

Na ba ta labarin ramin ruwa, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Ta saurara har na gama.

"Baba, ba zan zo muku da katafila ba," ta ce. "In kun ce a'a, zan karkata layin zuwa wata unguwa, ƙarfenku ya jira zagaye na biyu, kuma ban san ranar zagaye na biyu ba. Abin da ke hannuna shi ne, duk inda muka haƙa da safe za mu rufe shi kafin mu tashi."

Ban san lokacin da tambayar ta fito daga bakina ba. Na ce in wayar ta kai ƙarfen, kiran bidiyo zai daina daskarewa? Ta ce ya kamata ya daina, ai don irin wannan ake aikin. Mai Walda ya fashe da dariya, ya ce ashe tsoho ma yana da wadda yake son gani a waya. Aka yi dariya har da ni. Sannan na gyara zama na maimaita abin da muka shirya, cewa ba mu yarda ba. Na riga na faɗa a gaban mutane, kuma mutum mai furfura ba ya son a ga ya juya a zama ɗaya. Akwai kuma wani abu a ƙasan wannan, wanda sai da na koma kan aiki na gane shi. Ina son aikin tafintan nan. Tun da Auta ta tafi, babu kalmar da ta wuce tsakaninta da uwarta ba ta hannuna ba, kuma a karon farko ba a gulmata a gabana.

Da azahar Inna ta kawo mini abinci. Ta tsallake jan fentin, ta dawo ta dube shi, ta dubi ramin da leburorin da ke kwance, ta tambaye ni mene ne wannan. Da na ce aikin gwamnati ne kawai, da ta ajiye kwano ta tafi. Amma hannuna bai saba rage mata magana ba. Na faɗa mata duka, bututun, ƙarfen, siririyar tiyo, zagaye na biyu, har tambayar da na yi da amsar da aka ba ni. Ta tambayi wa ya hana. Na nuna layin gaba ɗaya. Ta ci gaba da kallona, sai na nuna ƙirjina.

Na shirya wa faɗa, domin Inna in ta yi fushi hannuwanta har iska suke yi. Amma faɗan bai zo ba. Ta ɗaga kai ta dubi kwanon rumfar, ta shafa ginshiƙin da na sassaƙa wa ado, ta juya ta tafi gida. Da yamma na tarar da ita zaune a falo, hannuwanta a kan cinya, ɗaya a kan ɗaya. Na yi mata zancen abinci, ta gyaɗa kai. Na yi mata kuskure da gangan a wata alama don ta gyara mini, ta bar ni da kuskurena. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune haka ba ko ranar da mahaifiyarta ta rasu, kuma abin ya ba ni tsoro.

Washegari kafin sauran su buɗe shago na hau tsani da guduma. Kwanon farko na sauka ƙasa sai ga Mai Walda, ya riƙe ƙugu ya ce shugaban 'yan tawaye ya miƙa wuya tun ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Na ce ya riƙe mini tsani ko ya matsa. Ya riƙe, yana mita. Da na sauko na faɗa musu dalili a taƙaice, ban yi ado ba. Tela ya ce shi dai mahaifiyarsa har yanzu da sanda take tafiya. Na ce gaskiyarsa ce, kuma ba zan ce ya fasa dakalinsa don matata ba. Ya juya ya shiga shago. Sai da ya ga an haƙa gabana an sa bututu ruwan lemo an rufe kafin magariba, ya ga an yi haka a gaban Mai Walda, sannan ya aiko a ara masa guduma.

Kada in yi wa aikin kwalliyar da ba shi da ita. Sun rufe ramin, amma sun bar tudu a gaban shagona wanda har yau yake kama ƙafar baƙo. Kuma da bututun ya kai ƙarfen, babu abin da ya canza. Jiha ta gama nata, saura kamfani ya zo ya zura waya, kamfani kuwa da nasa lokacin yake tafiya. Makonni suka wuce ina goga katako a rana, rabinsa a shago rabinsa a titi, Mai Walda na leƙowa kullum yana tambayata ko intanet ɗin ya iso ne ya ɓuya a ƙarƙashin benci. Na sami Injiniya a wani layin na yi mata ƙorafi. Ta ce ita ma kullum sai ta kira su, kuma in na ji haushi in zo mu ji tare. A gida kuwa kiran ƙarshen mako bai fasa ba, lafiya lau Baba, babu komai Baba.

A cikin jiran ne na ɗauko ginshiƙin rumfar na yanka. Na tuna ranar da na tsaya a gefen titi riƙe da waya a ƙirji, na ga cewa ko sabis ya gyaru, muddin ni ne mai riƙewa, ina nan a tsakiya. Na yi wa wayar mazauni, gindi mai faɗi don kada ya faɗi in an buga tebur, da tsagi a sama inda za ta zauna a ɗan kishingiɗe. Inna ta gane ko mene ne tun ban gama ba, kuma a ranar hannuwanta suka dawo aiki. Ta ce ya yi gajere, kanta kawai zai fito. Na ƙara tsawo, ta ce yanzu ƙirjinta ya fita daga hoto, da me za ta yi magana, da goshi? Sai da na sake shi sau da yawa, muka jawo teburin gaban taga don haske ya faɗa kan hannuwanta, sannan ta ce kafintan ba laifi.

Mai Walda ne ya fara ganewa. Wata safiya na ji ihunsa, na fito da gudu na ɗauka wuta ce ta ja shi, ashe ƙwallo yake kallo a waya, kuma 'yan wasan suna gudu ba sa tsayawa.

Ban jira ƙarshen mako ba. Da la'asar na rufe shago, na sa wayar a mazauninta, na danna kiran bidiyo. Fuskar Auta ta fito sarai, har ina ganin labulen da ke bayanta yana motsi. Ta rame. Ta gaishe ni da baki, sannan ta ɗaga hannu ta yi alamar da take kiran uwarta da ita tun tana goye, yatsu biyu a kumatu, kuma hannun ya tafi ya dawo bai tsaya a hanya ba. Inna ta dafe bakinta. Suka fara, gaisuwa, yayyenta, sabon labule, hannuwa na ƙara gudu. Sai na ga idon Auta ya zame gefe ya sauka a kaina, hannuwanta suka rage sauri.

Na miƙe zan fita. Inna ta kamo gefen rigata ba tare da ta dube ni ba, ta nuna wayar, wato in zauna kusa ko abin zai sake lalacewa. Na tsaya ban san yadda zan yi ba. Mai ji in an ce ya zauna amma kada ya saurara, sai ya toshe kunne. A gidanmu ido ne kunnen. Na ɗaga kujerata na juya ta, na zauna ina fuskantar bango.

Akwai ƙusa a bangon da na buga tuntuni na manta abin da na yi niyyar ratayewa, ita na zuba wa ido. A bayana ina jin ƙarar awarwaron Inna, da tafin hannu yana haɗuwa da tafin hannu, da numfashi. Awarwaron ya yi gudu, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sai na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaron Inna, irin wanda ita ba ta san tana yi ba, daga wayar kuma na ji 'yata tana jan hanci. Wuyana ya yi ta son juyawa. Na riƙe gwiwoyina da hannu biyu, na ci gaba da kallon ƙusar har hasken taga ya sauka daga bangon.

Hannu ya taɓa kafaɗata. Na juyo na ga idon Inna ya yi ja, amma fuskarta a kwance take, irin ta wanda ya sauke kaya. Ta jawo kujera ta zauna a gabana, gwiwa da gwiwa, yadda nake zama in zan juya mata magana.

"Ciki ne ya zube," hannuwanta suka ce. "Wannan ne na biyu. Na farkon ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta. Ta ce ni in gaya maka, kuma in gaya maka a hankali."

Ta tsaya tana karanta fuskata, ta ba ni lokaci, sannan ta ƙara da cewa in sauko mata da akwati daga kan kabad, za ta je.

Wayar tana nan a mazauninta, Auta na ciki tana jira, tana murza gefen mayafinta. Na matsa gaban teburin. Sai na ɗaga hannuna mai guntun yatsa na ce mata sannu, 'yata, sannu. Na san alamar ta karkace kamar kullum. Inna na tsaye a gefena tana gani, ba ta gyara mini ba.